Kwallin Inna

Shekarar da aka ƙone rumfarmu a kasuwar Adjamé, a harabar wani cocin Katolika a unguwar Treichville muka fake. Wata la'asar sai ga wani baƙo ɗan jarida da kyamara. Ya dubi Inna, wadda ko gudun hijira bai raba ta da kwalli ba, ya ce ta goge, wai ba ta yi kama da mai wahala ba.

Limamin cocin, wani dattijon Fada wanda ya koyi Hausa a Maraɗi, ya rufe kyamarar da tafinsa, ya ce wa Inna:

"Hajiya, yi haƙuri. Duk ƙasar da na zauna, wahalar mutane ba ta isar 'yan kallo."

Inna ta zaro tandunta, ta ƙara rambaɗa kwallin.

Har yau in na ga hoton mace tana kuka a jarida, sai in tambayi kaina: Ita kuma me aka sa ta goge?