Kwana Goma Sha Tara a Injin Ladidi

Kai da kake ɗokin ka jona waya ka danna maɓalli ka ga inji ya tashi, ajiye sukudireban nan tukuna, ka ji abin da ya faru da wata mai ƙyanƙyasar kaji a bayan Funtuwa, Hajiya Ladidi. Injinan ƙyanƙyasa huɗu ta saya, kowanne yana cin ƙwai dubu biyar, da ƙwaƙwalwa ɗaya mai sarrafa su duka, irin ɗan akwatin nan da ake kafewa a bango. Ta kira Malam Jatau, tsohon ma'aikacin lantarki a masaƙa, ya tsara mata ita. Ga ƙwai an riga an kawo, shi kuwa ƙwan ƙyanƙyasa in ya wuce mako a ajiye ya fara lalacewa ke nan. Amma bawan Allah sai ya ja benci cikin inuwa, ya zaro takarda da fensir da rula, ya shiga jan layi. Yini guda, yini biyu, ko murfin akwatin bai buɗe ba! Ran Ladidi ya ɓaci ƙwarai, har ta fara cewa a ranta anya ba malamin makaranta aka turo mata ba.

A rana ta uku ta kasa haƙuri, ta tsaya a kansa, shi kuma ya nuna mata takardar. Ashe cikin ƙwaƙwalwar nan gurabe ne jere, kowane gurbi da lambarsa, kuma adadi ɗaya tak yake riƙewa. Akwai guraben abin da ke shigowa, wato awon zafi da na laima. Akwai na umarnin da ke fita zuwa ga hita da fanka da motar da ke juya farantan ƙwai. Akwai kuma na ƙirga kwanan da ƙwai suka yi a inji. Ya ba injin farko layin guraben da ya fara daga lamba ɗari, na biyu daga ɗari biyu, haka har na huɗu, kuma abin da ke gurbi na farko a wannan layi shi ne a na farkon kowane layi, don kada kwanan wani inji ya faɗa gidan wani. Sannan ya gaya mata babbar maganar: yawancin guraben nan, da an ɗauke wuta sun koma sifili. 'Yan kaɗan ne ke riƙe ajiya.

Ta ce, "To Malam, ka zuba komai cikin masu riƙewar mana, mu huta!"

Ya ce, "Ba za su ɗauka ba, Hajiya, ko da za su ɗauka ma ba zan yi ba. Kwanan ƙwai dole a tuna shi. Amma zafin da aka auna kafin wuta ta tafi, in ta dawo ya zama tsohon labari. In inji ya yarda da shi, sai ya bar miki ƙwai su sandare yana zaton lafiya lau."

Ta yi tsaki a ɓoye ta bar shi. Ya gama, ya manna takardar a bayan murfin akwatin, aka zuba ƙwai inji bayan inji, kwana bibbiyu tsakaninsu.

Wata Juma'a tana Kaduna wurin sunan jikarta, ana tsakiyar rabon waina, sai ga wayar maigadi: an ɗauke wuta tun hantsi, janareta ya tsinke bel, sai yanzu makanike ya tayar da shi, komai ya mutu ya sake tashi. Ta yi salati. Ƙwan injin farko kwanansa goma sha tara. Tun daga kwana sha takwas ba a sake juya ƙwai, domin ɗan tsako ya riga ya saita bakinsa inda zai fasa, laima kuma ƙara ta ake yi don ɓawo ya yi laushi. In ƙwaƙwalwa ta farka tana zaton yau ne ranar farko, za ta hau juya su ta rage laima, 'yan tsaki dubu biyar su mutu cikin ɓawo. Shi maigadi ko baƙi bai iya karantawa ba, balle ya duba mata. Ko sallama ba ta yi wa 'yan suna ba, ta faɗa mota, duk tsawon hanya bakinta bai huta da addu'a ba.

Ta shiga ɗakin injinan da gudu, mayafi a hannu. Allon injin farko: kwana goma sha tara. Faranti a kwance cik, ko motsi babu, laima ta hau, ƙwaƙwalwa ta sake auna zafi da kanta ta sa hita ya mayar da shi daidai. Na biyu sha bakwai, yana juya nasa a hankali. Na uku sha biyar, na huɗu sha uku, kowa a kan kwanansa. Ta kara kunne a jikin ƙofar na farko, sai ta ji wata 'yar siririyar murya daga cikin ɓawo, tsiyak, tsiyak. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta yi kuka don murna, ta kuma ji kunyar tsakin da ta yi wa dattijon. Ranar Lahadi aka kwashe 'yan tsaki kwali-kwali.

Ka lura, a ranar nan Malam Jatau yana gidansa, bai ma san an yi ba. Aikin ceton ya gama shi tun yana kan benci da fensir a hannu. Saboda haka ɗauko takarda, ɗan'uwa, waya ba za ta gudu ba. Hausawa sun ce, tun ran gini, ran zane.