Mai Gadi Ya Faɗi

Tsohon tela yana kwance a banɗaki, ƙugunsa ya ƙi motsi. 'Ya'yansa sun tafi hutu, wayarsu ba ta shiga. Ya buɗe zauren wasan labari a wayarsa, inda yake rubuta labari layi-layi da mutanen da bai taɓa gani ba. A can shi ne Mai Gadi, kullum cikin faɗa da Sarkin Ɓarayi.

Ya rubuta: "Na faɗi, na kasa tashi. Don Allah ku taimake ni."

Ranar godiyar ƙarshen shekara ce, wadda 'yan zauren kan aika wa juna kyauta, zaure ya cika, kowa ya ɗauka wasa ne, suka yi ta mayar masa da amsa:

"Boka ya shafa maka magani, ka warke."

"Tashi, Baba, kada ɓarayi su shigo."

Wayar ta mutu. Ya kira maƙwabta har muryarsa ta dushe.

Can aka ɓalle ƙofa. Wata mata ta shigo, riƙe da kwalin da ya aika wa abokin faɗansa hular godiya a ciki bara, adireshinsa a jiki.

"Ni ce Sarkin Ɓarayi, Baba. Shekara huɗu kana zagina, ban taɓa jin ka ce don Allah ba."