Kaset ɗin da Kawu ya shafe

Kaset ɗaya tal Kawu Ila ya sayo a Katsina tare da rakodarsa, a kansa ya ɗauki kakata tana waƙar niƙa. Wata la'asar a zaurenmu na Madarunfa, rediyo ya sako waƙar Indiya. Sai na ga Kawu ya kara rakodar, ya danna jan maɓalli.

Na ce, "Kawu, muryar Kaka ce a ciki."

Ko kallona bai yi ba. "Inna na nan, gobe ma ta yi mana wata."

Kafin damina ta faɗi muka binne ta. Yau na nemi muryarta a kaina na rasa, amma tsinanniyar waƙar nan, da ban san ma'anar kalmarta ko ɗaya ba, har yanzu bakina na rera ta.