Wanda Manaja Ta Zaɓa

Kujerar Manaja ta yi ƙara daidai lokacin da mai neman aiki na ƙarshe ya shigo. Tun safe take tantance mutane, bayanta ya ƙage, kanta ya ɗau zafi. Kamfaninsu manhajar lissafin kaya yake sayar wa masu shaguna, ko in ce yake fatan sayarwa, don har yanzu ba ta karɓu ba. Mai kamfani kuwa bai ɓoye mata ba: ko ta samo wanda ya iya talla, ko a samo wata Manajar.

Waɗanda suka gabata duk sun sha kwat, sun haddace amsa iri ɗaya, kai ka ce malami ɗaya ya yi musu bita. Wannan kuwa magidanci ne mai furfura jefi-jefi, ya zauna hankali kwance. Ya ce ya daɗe yana sayar da kayan ofis, yanzu harkar fasaha yake sha'awa.

"Me ka sani game da manhaja?" in ji Manaja.

"Kaɗan, ranki ya daɗe. Amma tun yaushe bayan nan yake damunki?"

Manaja ta ɗago ta dube shi. Ko mijinta bai taɓa tambaya ba. Ta buɗe baki za ta dawo da shi kan hanya, sai ta tsinci kanta tana zayyana masa inda ciwon yake farawa da inda yake tsayawa. Mutumin ya saurara da kyau, ya tashi ya leƙa majinginar kujerar, ya girgiza kai cikin tausayi. Da ta zo kan gwajin da take yi wa kowa, ta ce ya sayar mata da wani abu ta gani, hoton kujera kawai ya nuna mata a waya. Kafin su yi sallama ta sayi tata, ta haɗa da na sauran ma'aikata.

Yana fita daɗi ya rufe ta. Wanda ya raba ta da taurin kanta a zama ɗaya, masu shaguna me za su yi masa? Ta aika wa sauran masu neman aikin saƙon ban haƙuri, ta shaida wa mai kamfani an dace, har ya yaba mata. Sannan ta kira mutumin a waya ta yi masa albishir.

Ya yi godiya sosai, ya rage murya, ya ce yana kan layi ne a wani kamfani.

"Wane layi kuma? Ai ka samu aiki."

"Ina da aikina, ranki ya daɗe, kujeru nake sayarwa. Da can masu gadi ko ƙofa ba sa bari in wuce. Amma in ka ce aiki kake nema, Manaja da kanta take kiranka, ta rufe ƙofa, ta ce ka sayar mata da wani abu."