Ranar da na jefa alimun duka a randa

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, famfon gidanmu a Makera ja yake zubowa kamar shayi, don tsatsa ta cinye bututun. Inna takan tara ruwan a randa, ta ɗan kaɗa alimun a ciki ta cire, dattin ya kwanta.

Ni kuwa, gwanin da karatunsa ya tsaya a aji uku, na ce in kaɗan na gyarawa, ai da yawa zai fi. Na jefa dunƙulen duka.

Da la'asar Baba ya dawo daga masaƙa, Inna ta miƙa masa moɗa. Kurɓa ɗaya, bakinsa ya tsuke. Ya dube ni, ya dubi muciyar da ke hannunta.

"Malam, lafiya?" in ji ta.

"Lafiya lau. Ruwan yau ya yi haske."

Ya shanye tas, ya ce randar tana son wanki, in zo in taya shi. Muna kifar da ita ya raɗa mini, "Injiniya, don Allah gobe ka bar mini harshena."

Allah ya jiƙansa. Yau na wuce shekarunsa, amma ban taɓa rufa wa jikokina asiri da kyau haka ba.