Ɓarakar da Aka Rufe da Riguna

Tun da ka zo kana juya maganar gidan hayarka, ka gyara ko ka bari, zauna in ba ka misalin wani dattijo da ya yi ta juya irinta har ta fi ƙarfinsa.

Tsohon direban babbar mota ne, hanya ta cinye masa gwiwa da ƙugu, ya dawo gida ya zauna. Abin da ya rage masa ban da inda yake kwana shi ne wani gidan ƙasa da ya gada, zaure da ɗakuna uku, rufin soro. Wani tela ne ke haya a ciki. Da angoncinsa ya shiga gidan, ga shi har furfura ta fara fito masa. A zauren ya kafa kekensa yana ɗinki. 'Ya'yansa Baba suke ce wa dattijon, kuma kowace salla sai an aiko masa da riga sabuwa fil. Shi kuma bai taɓa buɗe baki ya ce a ƙara kuɗin haya ba, ko da unguwar ta cika ta yi tsada.

Wata shekara bayan damina, dattijon ya bi ta bayan gidan ya ga ɓaraka a bangon zauren, siririya kamar zare. Da shekara ta zagayo, yatsa na shiga. Ya ɗauko magini a ɓoye ya nuna masa. Magini ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa bakin azara, ya ce gara ta yi ɓarna, tushe kuma ya sha ruwa. Gyara zai yiwu, amma sai an yaye rufin, sai mutanen gidan sun tashi na rani guda. A nan gizo ke saƙar. A unguwar nan kowa ya san in mai gida ya ce wa ɗan haya zai yi gyara, to kora ce aka sa mata babbar riga. Ta yaya zai dubi mutumin da 'ya'yansa ke rugowa su karɓi sandarsa, ya ce masa ya kwashe kaya? Ko ya rantse da Allah za su dawo, wa zai yarda?

Duk rani sai ya shirya maganar a zuciyarsa, ya dogara sanda ya tafi. Ya zauna a benci, a kawo masa fura, a taɓa hirar tsadar yadi da ta hatsi. In ya ɗaga ido wajen bangon, sai ya tarar telan ya ɗaura igiya daidai wurin, ya jera rigunan mutane a kai. Bana riga uku, baɗi biyar, har da zannuwa. Dattijon ba yaro ba ne, ya san abin da ke bayan rigunan, amma sai ya yaba ɗinkin, ya shanye furarsa ya tashi. A hanya ya ce wa kansa bari salla ta wuce. Salla ta wuce, ya ce bari a gama bikin 'yar telan. Biki ya wuce, ya ce ai hadari ya fara haɗuwa, ba a yaye rufi yanzu. Wallahi ya gaji. Ya gaji da tafiyar, ya gaji da dawowa da maganar a cikinsa, har ya kai in ya ji tsawa daga gabas sai abinci ya fita ransa.

Ana nan marka ta zo. Ruwa ya yi kwanaki yana zuba ba ƙaƙƙautawa, ran nan da la'asar, telan yana masallaci, bangon ya zauna. Ya ja zauren da ɗakin da ke jikinsa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, matar telan da yaran suna madafa. Amma keke ya tafi ƙarƙashin ƙasa, tare da rigunan mutane. Magini ya dawo ya duba, ya ce yanzu kam ba maganar gyara, sai sabon gini daga tushe. Dattijon ba shi da wannan ƙarfin. Ya sayar da kangon ga wani mai son gina shaguna.

Ranar da ake loda sauran kayan telan a kura, su biyun suka tsaya a bakin tarin ƙasar, kowa yana kallon ƙafarsa. Can telan ya ce, "Baba, na daɗe da ganin ɓarakar nan. Nauyinka na ji. Mutum yana zaune a arha irin wannan, ya kuma zo da ƙorafi?"

Dattijon ya ce, "Ni ma na gani, Malam. Tsoro na ji ka ce korarka nake yi."

Telan ya bi bayan kura zuwa wani ɗaki guda da ya samu a ƙarshen gari, dattijon ya juya gida a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Tashin rani guda suka yi wa juna kara a kai, ga shi an yi tashin da babu dawowa.

To, kai ma ka je ka zauna da mutuminka, ka faɗa masa abin da ka gani a bangon, shi ma ya faɗi nasa. In ya ji zafi, ya ji shi yau, gidan yana tsaye. Hausawa dai sun riga sun faɗa: barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.