Shanun Bawa Sun Makara

A zatona ni kaɗai na lura shanun Bawa sun daina saukowa tabkin Keita da sassafe. Jami'ar Dakar ce ta turo ni gida in ƙirga agwagin da sanyi ya koro daga Turai. Shi kuwa yakan tsare garkensa bisa tudu har in rufe littafina, don kada tsuntsayen su watse.

Ranar Laraba ya sauko shi kaɗai, sanda a kafaɗa.

"Malama Biba, baffana ya ce shanu na ramewa. Wai in saboda ke ne, ko in kai goro gidanku, ko in shayar da su da wuri kamar kowa."

Na sunkuyar da kai. Saura kwana tara in koma.

"Shekara biyu hwa kahin in ƙare karatu, Bawa."

"Na sani. Mi zan ce mishi?"

"Ka shayar da su da wuri."

Ya juya zai tafi. Sai na ƙara da cewa:

"Goron kuma, Inna ta hi son hwari."

Bai waiwayo ba, amma sandar ta suɓuce masa.

Da la'asar na share tsakar gidanmu har sau biyu.